Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Gashuwa, Jihar Yobe.
Laraba, da hantsi.

Zuwa ga Yayana Dunoma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta girmamawa da ta zumunci, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk 'yan'uwa da ke tare da kai a Fatakwal. Allah Ya yi wa kasuwar kifi albarka, Ya tsare motocinku a hanya, Ya kiyaye ka daga zazzaɓin da ruwan saman can yake jawo maka duk shekara. Nan gida jikinmu lafiya. Iya tana nan da ciwon gwiwarta, amma tana iya fitowa tsakar gida da sanda. Khadijatul Kubra ta gama jarrabawarta, Meram kuma ta shiga aji biyar tana ta yi mana iyayi da Turanci. Kogi ya cika bana, shinkafar fadama ta yi kyau. Mun gode wa Allah.

Yaya, na ga kiranka har sau huɗu jiya ban ɗauka ba. Ka yafe mini. Ba raini ba ne, tsoro ne. Duk lokacin da na ga sunanka a waya sai in bar ta ta yi ta ƙara, don na san in na ɗauka ba zan iya jera magana biyu a tsare ba. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro, abin da na fi sabawa da shi, in na gama Kubra ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Ni da kai taubasai ne, tun muna yara ba ka taɓa barina in kai ƙarshen magana ba ka tsokane ni ba. Yau kaɗai ina roƙonka ka ajiye wasan, ka karanta har ƙarshe. Na san an riga an tura maka guntun bidiyon nan. Abin da ka ji a ciki gaskiya ne, bakina ne ya faɗa. Amma bidiyon rabin minti ne, ni kuwa aurena da ƙanwarka shekara goma sha tara ne, kuma yau ban san ko yana nan ko ba ya nan ba.

Bari in fara daga tushe. Muna da wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Gashuwa, ba ta kuɗi ba, ta sha'awa ce kawai da wayar da kan jama'a. Madam Winifred ce ta kafa ta, abokiyar aikina da ke koyar da Turanci a makarantarmu, wadda ta fi shekara ashirin a garin nan har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. A cikinmu akwai malamai, akwai tela, akwai ma'aikatan asibiti. Ni dai aikina a da shi ne gyara musu Hausar rubutu. Shekara ashirin da ɗaya ina koya wa yara su tsaya gaban jama'a su buɗe baki ba tare da kunya ba, ina ce musu tsoro ba ya cizo. Sai bana Madam ta ce tunda na iya faɗa, in zo in gwada. Na yarda da murna, har ina alfahari. Wasan sunansa Allon Asabe, labarin wani magidanci ne mai zafin zuciya, Tanko, da ya tarar matarsa Asabe tana zuwa ajin yaƙi da jahilci a ɓoye, ya sake ta cikin fushi, daga baya ya zo yana da-na-sani. Ni ne Tanko. Sista Dorathy, wata nas, ita ce Asabe.

Ga wani abu da yake hana ni cin abinci in na tuna. A rubutun Madam na farko, Tanko cewa yake yi kawai matar ta fice masa daga gida. Ni ne na ce wannan ba zai girgiza kowa ba, mai fushi na gaske ba haka yake magana ba. Ni da hannuna, da jan biron da nake gyara wa yara aiki, na soke layin na rubuta cewa Tanko ya kira sunan Asabe ya ce ya sake ta saki uku. Har ina yi wa Madam bayani kamar a aji, wai sai mutane sun ji nauyin kalmar za su ji tsoronta. To, ga shi na ji.

A gida ƙanwarka, Maman Kubra, ita ce take taya ni bita. Bayan la'asar sai ta zauna a kan turmi riƙe da takarda tana karanta maganar Asabe, ni ina zagaya tsakar gida ina hargagin Tanko, yara suna ta dariya, Iya tana cewa an mayar mata da ɗa mahaukaci. Amma duk sanda muka iso layin nan, sai in yi gyaran murya in tsallake. Ba mu taɓa yin shawara a kai ba, mu biyun mun san dalili. Da haka ta haddace wasan kaf, ta ma fi ni. Ni kuwa, Yaya, ashe abin da nake faɗa wa yara ƙarya ne, tsoro yana cizo. Ranar da muka fara nuna wasan a Gashuwa, da na ga idanu sun yi mini caa, sai kaina ya zama fanko. Abin da ya cece ni shi ne tsarin da Madam take bi: tana tsugunawa bayan labule da takarda a hannu, duk wanda ya kakare sai ta raɗa masa layinsa, shi kuma ya ɗaga murya ya maimaita. Ranar nan kusan rabin maganata daga bakinta na ɗauko. Na saba da abin har ya zama duk abin da kunnena ya ji daga bayan labule, bakina yana sakinsa kafin ya bi ta kaina. Ka riƙe wannan, don a nan maganar take.

Asabar da ta wuce aka gayyace mu Nguru mu nuna wasan a filin wata firamare. Maman Kubra ta ce za ta bi mu ta gaida dangi ta kuma ga abin kunyar da zan yi. Muna isa aka bugo waya cewa an riƙe Sista Dorathy a wurin aiki, wata haihuwa ta zo da gardama, ba za ta iya tahowa ba. Ga jama'a sun fara cika fili, an shimfiɗa tabarmi, an kafa lasifika, an haɗa bencina da katakai an yi dandamali. Madam ta rasa inda za ta sa kanta. Sai ƙanwarka ta ce cikin wasa ai ita ma ta iya Asabe. Nan kowa ya yi mata ca da roƙo. Na ja ta gefe na tuna mata layin nan. Ta ce ai ba ita zan saka ba, Asabe zan saka, Asabe kuwa ba 'yar gidan kowa ba ce. Ni ma na lallashi kaina da haka, na ce sunan Asabe shi ne katanga tsakaninmu da kalmar, muddin sunan yana nan ba abin da zai taɓa mu. Da na sani da na tsaya na nemi mai ilimi na tambaya, ko in soke layin gaba ɗaya. Kunyar a ce na ɓata taro ce ta hana ni.

Da aka yaye labule, wa zan gani a layin gaba in ba Kawu Yuguda ba, baffanku, da carbinsa, ga matansa da 'ya'yansa, ga rabin unguwarku a bayansu. Na fara layina na farko ina in'ina. Ƙanwarka kuwa kamar an haife ta a kan dandamali, muryarta tar, mata suna ta shewa. Muka yi ta tafiya ina tuntuɓe Madam tana ɗaga ni, har muka iso wurin fushin Tanko. Na ɗaga allon Asabe sama kamar yadda aka tsara, na buɗe baki, sai komai ya ɗauke. Ban ga kowa ba sai hular Kawu. Ita kuma tana ja da baya kamar mai tsoron miji, ba ta san ta kusa bakin katako ba, saura taki ɗaya ta faɗo ƙasa. Madam ta hango daga bayan labule, sai ta raɗa sunanta na gaskiya da ƙarfi don ta tsaya. Daga nan ta ga ni ma na sandare, sai ta ɗora da layina. Kunnena ya kwashi biyun a haɗe, bakina ya zubar da su a haɗe, cikin makirufo, gaban Nguru duka. Zan rubuta sunan sau ɗaya don ka gane. Maimakon Asabe, Fanne na ce.

Ka fi kowa sanin matsayin sunan nan a wurina. Sunan Iya ne. Marigayi Kawu, mahaifinku, ya sa wa 'yarsa sunan yayarsa, ni kuma tun da na yi wayo ban taɓa furta shi ba, ko a aji in akwai yarinya mai sunan sai in ce mai sunan Iya. Kafin mu haihu Ummi nake ce wa ƙanwarka, bayan an haifi Kubra ta koma Maman Kubra. Shekara goma sha tara sunan bai taɓa ratsa haƙorana ba, sai ranar nan, kuma da abin da ya biyo bayansa.

Ina jin fitarsa na ji kamar an zare mini laka. Filin ya yi tsit. Ƙanwarka ce ta fi ni ƙarfin hali. Ta dafe ƙugu ta dube ni sama da ƙasa, ta ce cikin muryar Asabe wai wace ce kuma wannan da nake kira, ashe Tanko wata ya ajiye a waje har sunanta yake suɓuce masa, to ita Asabe ce 'yar mutunci, ya je can ya nemi mai sunan. Jama'a suka kwashe da dariya har da tafi, da yawa sun ɗauka cikin wasan ne. Ni kaɗai na ga leɓenta yana rawa. Ban san yadda muka kai ƙarshe ba. Na dai tuna da na duba layin gaba, Kawu ba ya dariya, carbinsa ya tsaya cak a hannunsa.

Kafin mu gama naɗe labule ya aiko a kira ta. Da na bi ta gidan, a zaure aka tsayar da ni, gidan da nake shiga har ɗakin girki in buɗe tukunya. Kawu ya ce shi bai yi boko ba, amma kunnensa ƙalau yake, ya ji suna ya ji saki ya ji uku, kuma mutum ɗari sun ji tare da shi. Ya ce malamin makaranta guda, mai koya wa 'ya'yan mutane magana, shi ne zai ce bai san abin da bakinsa yake faɗa ba. Ba za ta bi ni Gashuwa ba, in ji shi, don ba zai bari 'yar ɗan'uwansa ta zauna zaman da babu aure a ƙarƙashinsa ba. Na yi rantsuwa, na yi bayani, na durƙusa. Ya ce in tashi, ba shi na yi wa laifi ba. Haka na shiga mota na dawo ni kaɗai, kujerar da ta zauna da safe an ɗora mata buhun labule.

Yaya, ban taɓa sanin tsoro irin na kwanakin nan ba. Da saki ɗaya ne da sai in ce na mayar da ita a wuce wurin. Uku fa, ka san abin da take nufi, ƙofa ce da ba ni da ikon sake buɗewa. In na shiga aji sai in tsaya da alli a hannu in manta abin da nake koyarwa. Meram ta tambaye ni ko Mama ta yi yaji ne. Kubra ba ta tambaya, ta dai karɓi girki shiru, kuma shirun nata ya fi tambayar ciwo. Iya ce kawai ta sa ni murmushi. Da na ba ta labari, ta ce ai masu sunan biyu ne a gidan, kuma ita ta riga kowa mallakarsa, saboda haka ita ta karɓi sakin, in ya so a je a nemo alƙalin da zai raba uwa da ɗanta. Ta faɗa tana dariya, amma da na fita na dawo na tarar tana share ido da gefen mayafi. Ta bugo wa Kawu waya, ya ce mata Yaya ta yi haƙuri, a wannan magana ita uwar mai laifi ce.

Jiya Talata na koma Nguru wurin Goni, malamin da ya ɗaura mana aure, wanda kai ma ka yi karatu a zaurensa. Madam Winifred ta ce ƙafata ƙafarta. Ta yafa gyale, ta cire takalmi tun daga waje, ta durƙusa ta ba shi takardar wasan, ta nuna masa inda aka rubuta Asabe, ta faɗi abin da ta raɗa da dalilin raɗa shi. Tana magana tana kuka, tana cewa in gidan nan ya mutu ita ta kashe shi. Goni ya ce ta daina, wanda ya hana mutum faɗuwa bai yi laifi ba. Ni kuwa bai raga mini ba. Ya ce kalmar saki ba abin wasa ba ce ko a bakin mai wasa, kuma wanda ya tsaya gaban matarsa ta sunna da wannan kalma a aljihu, ko da sunan wa ya lulluɓe ta, ya yi ganganci. Ya yi mini tambayoyi har na jiƙe da gumi: ko mun yi faɗa a kwanakin, ko na taɓa raya rabuwa a zuciyata, ko na san sunan zai fito kafin ya fito. Na amsa masa da gaskiya. Ya sa na yi alwala na rantse. Sannan ya ce a fahimtarsa, wanda yake ɗauko maganar wani yana maimaitawa, harshensa kuma ya riga shi ba da nufinsa ba, to tsakaninsa da Allah aurensa yana nan, in dai abin da ya rantse a kai gaskiya ne. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Amma bai gama ba. Ya ce wannan fatawa ce, ba hukunci ba. In magana ta je gaban alƙali, shi alƙali ba ya ganin zuciya, abin da kunnuwa suka ji da abin da shaidu suka faɗa yake dubawa, kuma raɗar Madam ba ta fito a bidiyo ba. A can, in ji shi, ba zai iya yi mini alkawarin komai ba.

Muka tafi da wannan fatawa wurin Kawu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce yana girmama Goni, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Hujjarsa ita ce ta fi tsorata ni, don ba ta wauta ba ce. Ya ce mutumin da ya yi shekara goma sha tara yana kaffa-kaffa da suna, ba ya faɗinsa ko a mafarki, in ka ji ya faɗe shi to ya nufa. Ranar Litinin zai kai maganar kotu a raba gardama, kowa ya huta. Na ce masa abin da ya faɗa shi ne ma shaidata. Ya ce to mu biyu ke nan, ni da fassarata shi da tasa. Daga ƙarshe dai ya ce abu ɗaya ne zai tsayar da shi: kai ne shaƙiƙinta, kai ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinku, in ka ce ka gamsu da fatawar Goni, shi zai cire hannunsa ya sa ta a mota da kansa.

Ka ga dalilin wannan doguwar takarda. Ba ina roƙonka ka rufe ido don ni ba ne. In da ina da ɗigon shakka a zuciyata cewa na nufi abin nan, wallahi ni da kaina zan nisance ta, don na fi tsoron zama da ita cikin haram a kan rasa ta. Ka kira Goni ka ji daga bakinsa. Ka kira Madam, Kubra za ta tura maka lambarta. Fiye da kowa, ka kira ƙanwarka ka tambaye ta wanda ta ji yana magana a kan katakon nan. In ka gamsu, ka kira Kawu kafin Litinin. In ba ka gamsu ba, ka faɗa mini da bakinka, zan ɗauki wayar wannan karon.

Kafin in baro gidan jiya an bar ta ta zo bakin zaure, amma ta bayan labule, sanye da hijabi har ƙasa kamar mai gaida baƙo. Yatsun ƙafarta kawai na gani. Ban san haka abin yake da zafi ba sai da na ji tana yi mini sannu da zuwa irin wadda ake yi wa maƙwabci. Ta tambayi jikin Iya, ta ce a gaya wa Kubra ta rage gishiri. Na ji ana cewa Kawu ya nemi makullin ɗakinta don a zo a kwashe kaya, ta ce ta manta inda ta ajiye, alhali ina jin ƙararsa a bakin zaninta. Da na juya zan tafi sai ta rage murya ta ce, ita fa tun tana amarya take son ta ji yadda sunanta zai fito daga bakina ko sau ɗaya, ashe da ya tashi zuwa da wutsiya zai zo. Ta yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Haka na fito. Da na dawo gida na faɗa wa Iya, sai ta ce in Allah Ya dawo da takwararta, ta yafe mini in kira sunan sau ɗaya a gabanta, shi kaɗai, ba tare da komai ya biyo bayansa ba. Yaya, tun jiya nake gwada shi a zuciyata. Ko zan samu in faɗa, yana hannun Allah, sannan yana hannunka.

Ka gaishe mini da matarka Yaya Hajja da kyau, ka ce ta sa mu a addu'a. Ka gaida Ɗan'auta da sauran yara, da duk mutanen gida da ke rumfarku. Iya tana gaishe ka, ta ce in gaya maka goggonka ba ta taɓa roƙonka komai ba. Kubra da Meram suna gaida Kawunsu. Allah Ya ba ka ikon ganin gaskiya, Ya sa ka faɗe ta ko a kan wa ta faɗa. Wayata tana aljihun gaba, na ƙure mata ƙara.

Wassalam.

Ni ne ƙaninka kuma taubashinka,
Taufiq.